Sai Ka Ga Babban Yatsa

Ƙanena Zubairu ya dawo daga Ikko
da doguwar jaka, da fatar da gishiri ya ci.
Ya zazzage mini laima a kan teburin shago,
ja da shuɗi, ta yage kamu guda a haƙarƙari.
Shekara talatin ina zuba aska a wuyan riguna
nan Ƙofar Doka,
ranar na fara yi wa iska ɗinki.

Asabar muka tafi Shika.
Gabas ta ɗan haɗe rai,
dalbejiya na ta sunkuyo kamar mai neman gafara.
Ya ɗebi ƙasa ya watsa,
ya raka ta da ido har inda ta faɗi.
Ya ce, babbar ta kwana a jaka yau,
ƙaramar da ka gyara ita ce daidai wannan tafki.

Bai yi gaggawa ba, har na ƙosa.
Ya auna nisan turken lantarki da ido.
Ya roƙi Malam Tanimu ya kwashe komarsa daga kan kara.
Shanu bakwai suka zo shan ruwa, muka jira su.
Na ce, rana fa na tafiya.
Ya ce, Yaya, duk abin da ke ƙasan iska
can za ta kai ni in ta ƙwace,
kuma ba ta tambayar ƙashi nawa ne a jiki.

Ya hura ta, ya kifa ta, ya danne da yashi.
Igiya huɗu ya taje da yatsu
yana ja da baya kamar masaƙi a wadari.
Ƙugiya a ƙugu.
Wani jan abu a gabanta ya tura, ya mayar, ya sake turawa.
Wannan, in ji shi, shi ne birki.

Ka riƙe ta a tsakiya.
Kada ka jefa, kada ka tura.
Sai ka ga babban yatsa.
In kuwa idonka ya ƙi wani abu,
ko na yi ihu, kada ka saki.

Na ɗaga ta, iska ta shige ta.
Ban san yadi na da ƙarfin bijimi ba!
Tana kaɗawa, tana marin kunnena,
shi yana takawa a hankali zuwa gefen iska
har ta yi shiru, ta ɗame kamar fatar kalangu.
Ya ɗaga yatsa.

Na ƙi.

Ya sake ɗagawa. Daga can na hango bakinsa
yana haɗa tsaki.

Idon tela ne, me zan yi da shi?
Igiyar hagu ta hau ta tsakiya,
hawa ɗaya tak, kamar zaren da ya kuskure bakin allura.
Na kifa ta, na mayar da yashi.
Ya iso yana huci. Na nuna masa.
Ya dubi igiyar, ya dubi duwatsun bakin dam,
ya tsuguna yana warwarewa
bai ce komai ba.
Tun yana yaro haka yake godiya, a ciki.

Karo na biyu na buɗe hannu kawai.
Ta hau sannu, gefe-gefe,
ta tsaya bisa kansa tana rawa kaɗan.
Ya shiga ruwa, ya taka allonsa,
sai farin layi a bayansa.
Can sama ga ɗinkina, kamu guda, bai motsa ba.
Malam Tanimu ya riƙe baki.

Ni ban zauna ba.
Takalmansa a hammata, idona a gabas,
ina ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa.
Ya ce in ya dafa kansa, saukowa zai yi,
kuma cafkar ta fi sakin aiki.